Yadda Ake Zaɓen Faifan Hokin Takalmin Taya, a Gwada Shi, a Daidaita Shi da Fili

Shekaru da dama ke nan ina koya wa matasa hokin takalmin taya a cikin garin Katsina, wato wasan da ake tura faifan roba da sanda zuwa raga ana gudu a kan takalmi mai taya, kuma ƙorafin da na fi ji daga bakin sababbin shiga shi ne faifai ya ƙi kwanciya: da an tura shi sai ya yi tsalle, ya miƙe a kan gefensa, ya gangara kamar tayar keke. Yawancinsu hannunsu suke zargi, alhali sau da yawa faifan ne bai dace da daɓen da ake wasa a kansa ba. Wannan faifai, wanda Turawa ke kira fak, iri-iri ne, kuma kowane iri akwai filin da aka ƙera shi dominsa. Ya kamata mai koyo ya sani tun farko cewa hokin takalmin taya kala biyu ne. Akwai wanda ake bugawa da takalmi mai taya biyu gaba biyu baya, wanda ya yi ƙarfi a Sifaniya da Fotugal da Ajantina, har Angola ta karɓi baƙuncin gasarsa ta duniya a 2013; shi da ƙwallo mai tauri ake buga shi. Akwai kuma wanda tayoyin takalminsa ke jere a layi ɗaya, kuma shi ne ake bugawa da faifai. A kansa wannan bayani ya tsaya.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar faifai aƙalla iri biyu idan da hali, wato mai 'yan ƙafafu da kuma mai ɓari biyu (bayaninsu yana tafe a ƙasa), sai ƙwallon hokin titi guda ɗaya, domin akwai filin da babu faifan da zai yi tafiya a kansa. Ana buƙatar tsintsiya mai laushi, da bokitin ruwa, da babban tsumma ko tsohon tawul. Domin gwaji, a nemi alli, da tef ɗin awo irin na magina, da tsohon tub na keke da za a yanko danƙo daga jikinsa, da benci mai nauyi. Domin duba lafiyar faifai da gyaransa, a samu ɓallen gilashi ko madubi mai faɗin tafin hannu biyu wanda aka rufe bakinsa da salatif, da samfefa mai laushi da mai ɗan kaushi, da ƙaramin sikeli mai nuna giram. Wanda ba shi da sikeli yana iya roƙon mai sayar da kayan haɗa kek ya auna masa, minti ɗaya ya isa. A ƙarshe a tanadi ƙaramar kula da ruwan sanyi idan lokacin bazara ne.

Kayan kariya ba sa cikin abin da ake jinkirtawa. Hular kwano, da safar hannu mai kauri, da makarin gwiwa da ƙwauri dole ne, domin roba mai tauri da ta kai giram 100 idan ta taso daga bakin sanda tana iya fasa leɓe ko karya haƙori.

Abin da ya kamata a sani game da ƙirar faifai

Faifan da ake bugawa a kan ƙanƙara faɗinsa santimita 7.6 ne, kaurinsa santimita 2.5, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170, kuma da baƙin danƙo irin na tayar mota ake yin sa. A kan ƙanƙara yana sulalewa, amma a kan siminti danƙon yana kama ƙasa kamar yadda taya ke kama titi, saboda haka yake cijewa ya kife. Na takalmin taya girmansa kusan ɗaya ne da wancan, sai dai da roba mai tauri ake yin sa, kuma ya fi shi sauƙi, galibi tsakanin giram 100 da 120.

Masu ƙira sun bi hanyoyi uku wajen rage cijewar faifai. Hanya ta farko ita ce a dasa masa 'yan ƙafafu na roba mai santsi a kowace fuska, su ɗan ɗago sama da jikinsa, ta yadda su kaɗai ne ke taɓa ƙasa. Wannan shi ne faifan gasa, kuma a kan daɓe mai sulɓi babu kamarsa. Hanya ta biyu ita ce a raba faifan gida biyu, sama da ƙasa, a haɗa su sako-sako, ta yadda idan ɓarin ƙasa ya ci karo da gargada zai ɗan motsa shi kaɗai ya shanye girgizar, na sama kuma ya danne shi; wanda ya fi suna a wannan ƙira shi ne Green Biscuit. Hanya ta uku ita ce a sa masa ƙananan ƙwallaye a ciki, su leƙo ta fuska biyu, ya riƙa gangarawa a kansu. Kifewa kuwa dalilinta ɗaya ne a kowane iri: bakin gaba ya sami abin da ya tare shi, nauyin jiki ya ci gaba da tafiya, sai baya ya ɗaga. Duk matakan da ke biye ƙoƙari ne na hana wannan faruwa.

Mataki na 1: A karanci filin kafin a fito da faifai

A tsuguna a shafa daɓen da tafin hannu a wurare biyar ko shida, musamman tsakiya da gaban raga, sannan a bi shi da ido ana neman tsaga, da mahaɗar siminti, da wurin da aka yi faci. Abin da hannu ya ji shi ne faifai zai ji, har ma fiye.

A ƙasashen da wasan ya kafu, ana shimfiɗa tayil na roba masu shiga juna, irin na kamfanin Sport Court, kuma domin su aka ƙera faifai mai ƙafafu. Mu a nan abin da ya fi kusa da shi shi ne daɓen tarazo na manyan zauruka da tsofaffin ɗakunan taro na makarantu, wanda aka goge ya yi sulɓi. Idan aka sami izinin shiga irin wannan wuri an dace, domin faifai yana tafiya a kansa shiru, ba ƙara ba tsalle. Bayansa sai simintin da magini ya lailaye da kyau, irin na wasu filayen ƙwallon kwando da ƙwallon hannu. A nan sai an lura, domin fili ɗaya yana iya zama mai sulɓi a tsakiya inda ƙafa ta cinye shi, ya kasance mai kaushi a gefe inda rana da ruwan sama suka tone shi har tsakuwa ta fito.

Filin da aka shafa wa fenti mai kauri, irin na wasan tanis, yana yaudarar ido. Daga nesa sumul yake, amma akwai yashi a cikin fentin wanda aka sa da gangan domin takalmi ya kama, kuma wannan yashi yana cin ƙafafun faifai kamar samfefa. Kwalta kuma hawa-hawa ce: sabuwa mai laushin fuska tana karɓar faifai mai ɓari biyu, tsohuwa wadda duwatsunta suka fito ba ta karɓar komai sai ƙwallo. Tayil na cikin gida yana da santsi, sai dai ramin da ke tsakanin tayil da tayil yana kama ƙafafun faifai, ga shi tayar takalmi tana zamewa a kansa. Intalok kuwa, wanda ya cika harabobin ma'aikatu da gidajen mai, ban taɓa ganin faifan da ya yi tafiyar mita biyar a kansa bai kife ba, saboda haka kada a ɓata lokaci.

Titin da motoci da babura ke bi ba fili ba ne, ko da kwaltarsa ta fi ta ko'ina kyau.

Mataki na 2: A share, sannan a goge

Wannan mataki ne matasa suka fi ƙi, kuma shi ne ya fi kowane tasiri a garinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kan daɓe cikin dare ɗaya, ko da zauren a rufe yake. Ƙurar tana yin ɓarna biyu masu karo da juna: tana rage wa faifai gudu domin tana taruwa a gaban ƙafafunsa, tana kuma sa tayar takalmi ta zame a kwana. Ƙwayar yashi guda ɗaya da ta shiga ƙarƙashin ƙafar faifai ta isa ta kifar da shi.

A fara da tsince tsakuwa da hannu. Sai a yayyafa ruwa kaɗan da yatsu kafin a sa tsintsiya. Wani dattijo mai gadin zauren da muke atisaye ne ya koya mini haka, da ya ga muna shara ƙurar tana tashi tana komawa inda aka share, kuma tun daga ranar ban sake sharar busasshen daɓe ba. A yi sharar daga tsakiya zuwa gefe. Bayan haka a jiƙa tawul a matse shi sosai, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja shi daga wannan raga zuwa waccan, layi-layi, ana wanke shi duk bayan zuwa biyu. A jira daɓen ya bushe sarai. Laima ko kaɗan tana sa faifai ya manne da ƙasa, tana kuma kayar da ɗan wasa, shi ya sa da damina ba a fara wasa a waje sai an ga launin simintin ya koma fari ko'ina.

Idan babu ruwa a kusa, a ɗaura busasshen tawul a kan tsintsiya a bi filin sau biyu, ana kakkaɓe shi a waje ta inda iska ba za ta dawo da ƙurar ba.

Mataki na 3: A duba lafiyar faifan

A ɗora faifan a kan gilashi, a danna gefensa da yatsa a wurare huɗu. Idan ya yi rawa, ko dai ƙafa ɗaya ta fi sauran cinyewa, ko jikinsa ya lanƙwashe saboda zafi. A ɗaga gilashin daidai ido a leƙa ƙarƙashi: a faifai mai lafiya ana ganin siririn haske tsakanin jikinsa da gilashi, alamar ƙafafu kaɗai ke ɗauke da shi. Idan hasken ya ɓace, ƙafafun sun ƙare, kuma jikin faifan ne zai riƙa jan ƙasa. A juya ɗaya fuskar a maimaita, domin sau da yawa fuska ɗaya ce ke riga mutuwa. A shafa bakinsa da yatsa ana neman tsaga ko wurin da roba ta tashi kamar ƙaya. Daga nan a auna shi. Wanda ya yi sauƙi ƙwarai, irin na wasan yara da ake haɗawa da sandar roba, iska ma tana ɗaga shi, kuma ba ya koya wa hannu komai.

Ga mai ɓari biyu, a girgiza shi kusa da kunne. Ƙaramar ƙara ta motsi daidai ce, haka aka yi shi. Abin tsoro shi ne a ga ƙarfen da ya haɗa su ya fara leƙowa daidai da fuska, domin zai karce daɓen mutane, kuma a tarazo wannan kaɗai ya isa a hana ku zauren.

Mataki na 4: Gwajin danƙo

Tura faifai da sanda ba gwaji ba ne, saboda hannu ba ya maimaita ƙarfi ɗaya sau biyu. Abin da nake yi shi ne in yanko danƙo daga tub mai faɗin yatsa biyu, in ɗaure shi tsakanin ƙafafun benci biyu, ƙasa-ƙasa, ta yadda zai dace da tsakiyar kaurin faifai, sannan wani ya zauna a kan bencin domin kada ya motsa. Sai in ja layi da alli daidai inda danƙon yake, in ja wani layin santimita 20 a bayansa. Ana sa faifai a jikin danƙo, a ja shi baya da yatsa ɗaya a bisa tsakiyarsa har bakinsa na baya ya taɓa layi na biyu, sannan a ɗage yatsa. Idan danƙon ya yi sama da yawa zai tsallake faifan, idan ya yi ƙasa da yawa zai ɗaga shi, don haka a gyara ɗaurin har sai faifai yana fita a kwance.

A harba kowane faifai sau goma. Duk inda ya tsaya a yi ɗigo da alli, a kuma riƙa ƙirga sau nawa ya kife ko ya miƙe a gefensa. Bayan an gama a dubi abu uku: nisan da ya yi, yawan kifewa, da kuma yadda ɗigogin suka taru ko suka warwatse. Masu koyo nisa kaɗai suke kallo, amma a wurina taruwar ɗigogi ta fi nisa muhimmanci, domin faifan da ke tsayawa kusan wuri ɗaya kowane lokaci shi ne wanda ɗan wasa zai iya lissafa fasin da shi. Ƙa'idar da na tsayar wa kaina ita ce, faifan da ya kife sau uku ko fiye a cikin goma bai dace da wannan fili ba, komai tsadarsa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi gwajin ta fuska ɗaya kawai. Filayen waje kusan duka an ɗan karkata su domin ruwan sama ya gangara, saboda haka sai a juya bencin a sake harbawa ta kishiyar fuska, sannan a kai shi gefen da ya fi kaushi a sake. Kada kuma a sauya danƙo a tsakiyar gwaji, kuma kada a kwatanta sakamakon safe da na rana, domin zafi yana canza ƙarfin danƙo. Duk faya-fayan da za a kwatanta a gwada su a zama ɗaya.

Idan babu tub, a jingina allo mai santsi a kan bulo ɗaya, a riƙa sakin faifai daga wuri ɗaya ya gangaro ƙasa. Bai kai danƙo kyau ba, domin faifan yakan yi tuntuɓe a inda allo ya haɗu da daɓe, amma ya fi babu.

Mataki na 5: A zaɓa bisa abin da gwaji ya nuna

A tarazo, da daɓen katako, da siminti mai sulɓi sosai, mai ƙafafu ne zai yi nasara, kuma shi ne ya kamata a saba da shi domin da shi ake gasa. A siminti mai matsakaicin kaushi da sabuwar kwalta, mai ɓari biyu ya fi kwanciya nesa ba kusa ba. Sai dai a kiyaye: ainihin samfurin Green Biscuit domin fasin da sarrafa sanda aka yi shi, idan aka daka shi da ƙarfi ya bugi ƙarfen raga ko bango yana tsagewa. Kamfanin ya fitar da wani mai suna Snipe wanda ya fi jure duka, amma ko shi ban ba da shawarar a riƙa jibga shi a jikin bulo ba. Idan za a koyi harbi raga a fili mai kaushi, a ware tsohon faifan da ƙafafunsa suka ƙare domin wannan aiki, a shimfiɗa ɓallen allo mai santsi a riƙa harbawa daga kansa.

Mai ƙwallaye a ciki yana burge mutum a rana ta farko, amma ban ga amfaninsa a ƙasarmu ba. Ƙura tana shiga ramukan ƙwallayen, su daina juyawa, sai ya koma jan ƙasa fiye da kowane iri. Wanda ya riga ya saya ya riƙa wanke shi da ruwa da tsohon buroshin haƙori bayan kowane wasa.

Inda duk faya-fayai suka faɗi gwaji, a ɗauki ƙwallo ba tare da jin an rage daraja ba. Wasa mai gudana da ƙwallo ya fi koyar da yaro a kan wasan da ake tsayawa kowane daƙiƙa goma ana kwantar da faifai da sanda.

Mataki na 6: A daidaita sanda, da taya, da hannu

Salatif ɗin da ake naɗa wa bakin sanda a hokin ƙanƙara yana jan ƙasa a kan siminti, ya yi gashi, ya riƙa tara ƙura. A manna shi a fuskar bakin sanda kawai, a bar ƙasan tsirara. A fili mai kaushi a yi amfani da sanda mai bakin roba mai tauri, domin kwalta tana cinye bakin sanda mai tsada cikin 'yan makonni. Tayoyin takalmi kuma suna da lambar tauri a jikinsu: 74A zuwa 76A masu laushi ne na tayil ɗin roba da daɓe mai santsi, 78A zuwa 80A na tsaka-tsaki ne, 82A zuwa 84A na kwalta da siminti mai kaushi.

Sauran aikin na hannu ne. Faifan da ke juyi ya fi wanda ba ya juyi zama a kwance, kamar yadda katantanwa ke tsayawa muddin tana juyawa. Domin a ba shi juyi, a fara fasin da faifai a gindin bakin sanda, a share shi gaba yana mirginawa zuwa tsini, sanda tana bin sa ƙasa-ƙasa har ta nuna wanda ake ba. Mari da sanda shi ne ke sa shi tsalle. Wajen tarba kuma a ɗan kifa bakin sanda a kansa kamar rumfa, a ja hannu baya kaɗan a lokacin da ya iso, domin sandar da aka riƙe ƙam tana mayar da shi sama. A sa masu koyo biyu su tsaya mita biyar tsakaninsu su yi wannan sau hamsin kafin a fara wasa, sannan a riƙa ƙara tazarar.

A nan zan faɗi kuskuren da ni kaina na yi. Wata rana na fesa wa faifai man goge kujeru domin ya ƙara gudu a tarazo, kuma ya ƙara ɗin. Amma man ya bi faifan ya shafe daɓen layi-layi, ba a ganinsa, kuma kafin a yi minti goma wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya zo juyawa a gaban raga, ƙafafunsa biyu suka tafi gefe ɗaya, ya faɗi a kan hannunsa ya yi targaɗe. Ni na kai shi gida na yi wa mahaifinsa bayani, kuma har yau ina jin nauyin wannan rana. Kada a sa wa faifai mai kowane iri, ko hoda, ko sabulu.

Mataki na 7: A yi lissafin zafi

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, kuma simintin da rana ta daka ya fi iska zafi sosai. Roba idan ta yi zafi tana laushi, ƙafafun faifai su riƙa kama ƙasa suna saurin cinyewa. A hokin ƙanƙara ma ana daskarar da faifai kafin wasa domin a rage masa tsalle. Mu kuma muna sanyaya shi ne domin ya riƙe taurinsa. A zuba faifai biyu ko uku a kula mai ruwan sanyi, a riƙa musanya su duk bayan minti goma ko sha biyar, ana tsane wanda aka ciro da tsumma kafin a jefa shi fili. Mafi alheri dai a yi wasa bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya.

Ƙwallo ta fi faifai jin zafi. Kamfanin Mylec na Amurka yana bambanta nasa da launi: mai ruwan lemo ta yanayin da ya haura kamar digiri 15 ce, ja ta zafi mai tsanani, mai ruwan hoda da rawaya na sanyi ne. Mai ruwan hoda idan ta sha ranar bazara takan yi laushi ta riƙa mannewa a bakin sanda. Wanda zai yi oda ta intanet, ko zai ba wani matafiyi saƙo, ya nemi ja da mai ruwan lemo. Ta biyun za ta yi masa hunturu, ta farkon ta yi masa sauran shekara.

Mataki na 8: Gyara da ajiya

Bayan kowane wasa a wanke faifai da ruwa, a cire yashin da ya nutse a ƙafafunsa da bakin allura. Idan yana rawa a kan gilashi, a shimfiɗa samfefa mai laushi a bisa gilashin, a ɗora faifan, a riƙa zagaya shi a hankali da nauyin yatsu uku a tsakiya, ana ɗan juya shi a hannu bayan kowane zagaye biyar, har rawar ta tafi. Kada a riƙe samfefa a hannu a goge ƙafa ɗaya-ɗaya, domin ba za su taɓa zuwa daidai ba. Wasu samfura ana iya cire ƙafafunsu a sa sababbi, kuma idan za a sauya a sauya na fuska ɗaya gaba ɗaya. A ajiye faya-fayai a kwance a inuwa. Wanda aka manta a cikin mota ko a ƙarƙashin kujerar babur da rana yakan lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen faifai ba ya gyaruwa.

Idan babu faifai ko kaɗan: yadda ake ƙera na atisaye

Ba kowa ke da halin yin oda ba, kuma na gida yana isa a koyi fasin da sarrafa sanda. A sayi farin allon roba mai kauri da ake yanka nama a kansa, wanda ake samu wurin masu kayan kicin, mai kaurin santimita 1 zuwa 1.2. Irin wannan roba tana da santsi a jikinta, kuma nauyinta ya yi daidai da buƙata: faifai mai faɗin santimita 7.6 da kaurin 2.4 da aka yanka daga cikinta yana kai wa kusan giram 100.

A zana da'ira biyu masu faɗin santimita 7.6, a kai wa kafinta ya yanke su da zarto mai zagaye na injin huda idan yana da shi, in babu ya yanka da ƙaramin zarto a daidaita da magagari. A ɗora ɗaya kan ɗaya a matse su, a huda ramuka uku a tsarin murhu, kowane rami santimita 2 daga tsakiya, da tazara ɗaya tsakaninsu, domin idan nauyi ya karkata gefe ɗaya faifan zai riƙa tafiya yana gurgunta. A faɗaɗa bakin kowane rami ta waje har rabin kaurin allon, ta yadda kan sukuru da notinsa za su nutse can ciki. Ramukan su ɗan fi jikin sukurun faɗi kaɗan. Kafin a ɗaure, a cusa tsohon katin banki tsakanin ɓarin biyu, a ɗaure notin har ya kama, a ɗiga gam a kan zaren domin kada ya kwance, sannan a zare katin; ɗan sararin da ya bari shi ne zai ba ɓarin ƙasa damar motsi. A yanke duk abin da ya yi saura na sukurun.

Aiki na ƙarshe, wanda ya fi cin lokaci, shi ne kashe kaifin baki. A bi gefen sama da na ƙasa da magagari a zagaye su, sannan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, har yatsa ya zagaya bai ji kusurwa ba, domin baki mai kusurwa shi ke kama gargada. A auna shi a sikeli, a ɗora shi a gilashi, sannan a kai shi gwajin danƙo kamar kowane faifai. Idan ya kife fiye da sau biyu a cikin goma a siminti mai matsakaicin kaushi, a ƙara zagaye bakin, ko a ɗan sassauta notin. Ba a harba shi raga da ƙarfi, kuma duk mako a riƙa duba zurfin da ya rage tsakanin fuskarsa da kan sukuru. Ranar da farce ya fara jin ƙarfe daidai da roba, a kwance shi a yanko sabon ɓari.